Sungumi Daidai Hannuna

Ban iya rubutu ba, ɗiyata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Na ce da ita in ta ji na yi shiru ta jira ni. Kuka ne, yana zuwa yana wucewa, kuma ba na ɓoye shi ga kowa.

Maigidana ya rasu bayan mun gama zuba hatsi a rumbu. Ko da na fita takaba, zafi ya kai maƙura, gabas ta fara haɗa hadari da marece. Gonarmu tana bayan Madarumfa, kan jigawa, in ka tsaya daga samanta kana hango ruwan tabki. Tun da aka kawo ni gidansa tare muke shuka ta. Shi ke gaba da sungumi yana sara, ni ina biye da ƙwaryar iri, in zuba in rufe da diddige. Ba mu cika magana ba in muna aikin nan. Bayansa nake kallo, da yadda rigarsa ke jiƙewa tun daga wuya.

Babban ɗana yana garin Ɗan Issa, yana tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya. Ya zo ya zauna bakin tabarmata, ya ce, "Inna, bana ki huta. A ba wani aron gonar, ki taho wurinmu. Ga ɗaki, ga jikokinki."

Na ce, "Ina da rai ba a ba kowa gonar nan."

"To wa zai yi miki sara?"

"Ni."

Ya yi dariya, amma ba ta raini ba. Ya ce, "Shi ke nan. In ruwan shuka ya sauka ya wuce gona ba iri, zan zo da mota in ɗauke ki. Kada ki ce ban faɗa ba." Na yarda. Ɗan kirki ne. Tsoro yake ji kada a kira shi a salula a ce an tsinci uwarsa kwance a gona.

Sai na ce bari in riga ruwan, in yi binne a busasshiyar ƙasa. Na ɗauko sungumin maigidana daga bayan ƙofa. Ƙotarsa ta fi ni tsawo. Akwai wuri biyu a jikinta da suka yi baƙi, suka yi sulɓi, inda tafukansa ke zama. Nan na ɗora hannuwana, ko da yake na saman sai da na yi miƙa. A gona na bi kututturan hatsin bara, don ramina ya faɗa inda nasa ya faɗa. In na kai sara sai ƙarfen ya sauka a karkace, ya zame, ya watso mini yashi a ƙafa. Na ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Kafin rana ta yi sama kafaɗata ta riƙe. Na komo gida ina jan sungumi a ƙasa, ko ɗankwali na kasa ɗaurawa. Maƙwabta sun gan ni, na kuma san labari zai kai Ɗan Issa kafin in sha fura.

Amma ni na san jikina. Har yau ni ke yi wa kaina daka, ni ke jan guga a rijiya. Macen da ke ɗaga taɓarya ba ta rasa ƙarfin sara a yashi. Da kafaɗar ta ɗan saki, na saɓa sungumin na nufi maƙera.

Maƙerin unguwarmu ɗan ƙanwar babana ne, taubashina, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"A'a, baiwata! Daga fita takaba sai neman miji? Yi haƙuri, ba na auren marasa haƙora."

Na ce, "Bawan banza, buɗe bakinka a ga naka. Da in zauna da mai hayaƙi irinka gara in zauna da murhu, shi ko tuwo yana ba ni."

Yana cikin dariya idonsa ya kai kan abin da na riƙo. Dariyar ta tsaya. Shi ya ƙera ruwan sungumin nan da hannunsa, wato ƙarfen da ke saran ƙasa. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, "Allah ya jiƙan mai shi." Na ce amin. Na faɗa masa abin da ya same ni a gona, da maganar da muka yi da ɗana.

Ya fito da ni ƙofar rumfarsa, ya share yashi da ƙafa, ya ce, "Sara in gani. Kada ki yi mini kwalliya, yadda kika yi a gona nake so."

Na sara, na taka, na sake sarawa. Ya tsuguna yana duban ramukan. Sannan ya ɗaga ƙarfen kusa da idona. Gefe ɗaya na bakin ya cinye fiye da ɗayan, ya kuma ɗan kwanta.

"Kin manta da wane hannu mijinki ke aiki?"

Bahago ne. Da dama yake cin abinci, don tun yana yaro aka hora shi, amma aiki duk da hagu yake yi. Na san wannan kamar yadda na san ɗakina. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne ƙarfe ma yana ɗaukar hannun mutum.

Maƙerin ya ce, "Shekara da shekaru yana zuwa masa ta hagu, har ya bi shi. Ke kuma kin zo masa ta dama. Ba dole ya watsa miki ƙasa ba?"

Ya shiga ya fito da damin ƙotoci, ya dinga jingina mini su ɗaya bayan ɗaya. Ta aduwa ta yi mini nauyi. Wata ta yi kauri, yatsuna ba su haɗu a kanta ba. Ya samo wata ta dogon yaro, busasshiya, mara nauyi. Ya ce in riƙe ta inda hannuna ya so, ba inda aka ce ba, ya sa gawayi ya yi alama sama da ƙasa. Sai ya karɓe ta, ya ce in yi tafiya hannu sake, kamar za ni rijiya. Na yi. Ya nuna mini sawuna a gefen na ɗazu.

"Wannan ce tafiyarki. Waccan ta wani ce kika ara. Ki bar bin kututturan bara."

Na ce, "In na sara a kowane takona, hatsi zai cushe."

Ya ce, "Ke kika san hatsi, ni ƙarfe na sani."

Na dubi sawun, na ga in na yi taku biyu kafin in sara, tazarar za ta yi daidai. Wannan ni na warware shi da kaina.

Sai ya zo kan maganar da nake gudu. Ya ce mafi sauƙi ya rage tsawon tsohuwar ƙotar ya fere ta. Na fizge ta daga hannunsa, na ce ba a taɓa wannan. Ya ce ya ji, ga sabuwa nan. "Ruwan fa? Ba ni da ƙarfen da zai yi sai na je Maraɗi, hadarin nan kuwa ba jirana zai yi ba. Ran shuka kuma ba mai ba ki aron nasa. In kin yarda in sa wannan a wuta in gyara masa baki, yau za ki tafi da shi."

Na zauna a kan wani kututture na rungume sungumin. Na sa babban yatsana ina shafa gefen da ya cinye. Duk damina da muka yi tare tana wurin nan, kuma in ya shiga wuta ba za ta komo ba. Na yi kuka sosai, da murya, masu wucewa suna jina. Taubashina bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya juya baya yana tona gawayi, na ga shi ma yana goge fuska da hannun riga. Ina cikin kukan na tuna halin mai shi. Mutum ne da ba ya ajiye kayan aiki don kallo, ko ƙwarya ta fashe sai ya sa an ɗinke ta. Na kuma tuna gonar, ga ta can a share ba iri.

Na miƙa masa, na ce, "Cire ruwan."

'Ya'yansa duk suna sharar gona, ba mai yi masa zuga. Ya ce, "To baiwa, zo ki yi aikinki." Abin zugarsa irin na yanzu ne, mai ƙafar keke da ake juyawa. Na kama da hannuna mai lafiya na yi ta juyi. A gabana ƙarfen ya yi ja. Ya ɗauko shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba har bakin ya miƙe. Ya tsoma shi a ruwa ya yi ƙara. Ya kafa shi a sabuwar ƙota, muka koma kan yashi.

Saran farko ya shiga tsaf, ƙasa ta faɗi gefe inda ya kamata. Na ce wurin riƙon ƙasa yana ɗan cizon tafina. Ya fere shi, na sake gwadawa, na ce ya ƙara. Sai da na ji itacen ya zauna a hannuna na ce ya isa.

Ya ce, "Yanzu kin zama namiji, sai ki kawo sadakina."

Na ce, "In hatsi ya yi zan aiko maka da dami, rabon bawa."

Ba a daɗe ba ruwan shuka ya sauka. Da sassafe na fita. In na sare layi sai in ajiye sungumi, in ɗauki ƙwarya in komo ina zubawa ina rufewa. Aikin mutum biyu ne, yana tafiya a hankali, amma yana tafiya. Wajen hantsi na ji ƙarar moto, wato babur, ta tsaya bakin gona. Ɗana ne. Labarin kafaɗata ya kai masa, ya zo ya gani da idonsa kafin ya kawo mota. Ban daina sara ba.

Ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Inna, sungumin wa ke nan?"

"Nawa."

"Na Baba fa?"

"Ƙotar tana ɗaki. Ruwan ga shi a ƙasa."

Ya bi layukan da ido. "Layinki ya karkace."

"Na ubanka ma karkacewa yake, ta ɗaya gefen."

Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe wando, ya ɗauki ƙwaryar iri. Tun da nake ban taɓa zama a gaba ba sai ran nan. Ina jin diddigen mutum yana rufe rami a bayana, hawaye suka zubo mini, na bar su suna zuba ina sara. Ko ban waiwaya ba na san yana cika iri, haka yake yi tun yana ƙarami. Na ce, "Kai, rage hannu, ba tattabaru kake ba wa ba."

Muka yi ta yi har muka kai ƙarshen jigawa. Maganar mota ba ta sake tashi ba. Da zai hau motonsa ya tsaya, ya ce, "To, shuka an yi. Noma fa, Inna?"

Na ce masa hauyar ubansa ma tana nan bayan ƙofa, kuma na san hanyar maƙera.