Hoton shamuwa

Shekarar da fari ya kwashe shanunmu, mahaifina ya baro ƙauyenmu na wajen Tawa ya zo Yamai ya zauna wurina. Abin da ya zo da shi buta ce, da gora cike da irin gero. Ya ce ba zama ya zo yi ba, ranar da shamuwa ta iso zai koma ya yi shuka. Ƙafa ta riga ta ƙi shi, ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa, amma kullum na dawo daga lakwal inda nake koyarwa sai ya tambaye ni ko ta zo. Abinci kuwa sai an yi da gaske yake ci.

Ina da tsohuwar kamara, sai na ce tunda ba zai iya zuwa ya gan ta ba, zan kawo masa ita a takarda. Na riƙa hawa keke ina zuwa bakin gulbi wajen Tondibiya. Lokacin mulkin soja ne, mai kamara abin tuhuma ne. Wani soja ya taɓa zare mini fim ɗin gaba ɗaya a rana, wai barikinsu nake ɗauka. Na haɗiye fushina, don wanda ya riƙe bindiga ba a koya masa sunan tsuntsu.

Tsuntsu bai san alƙawari ba. Ka kwanta rub da ciki, yashi na gasa ka, ƙuda na shan idonka, ka yi tari ɗaya ya tashi. Makonni na yi ina wannan wahala, balbela kawai nake gani, ita ma a rame. Matata har tsiya take yi mini, wai na zama makiyayin tsuntsaye.

Ran nan sai ga ta, guda ɗaya tak, baƙa da farin ciki, ta sauka gabana. Na riƙe numfashi na danna. Da aka wanke hoton ya fito tas, har jar ƙafarta ana gani. Rabona da murna irin wannan na manta.

Na miƙa wa tsoho. Ya kai hoton kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ashe ba tsuntsuwar yake kallo ba. Ni da nake neman shamuwa, ban lura da inda take tsaye ba: tsakiyar gulbi, a kan busasshiyar laka duk ta tsattsage, ga kwalekwale kife a bayanta.

Ya ce, "Wanga gulbin Yamai na?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya aje hoton a kan tabarma. Sai ya jawo goran irin geron nan da ba ya bari kowa ya taɓa, ya kira matata.

"Ɗiyata, amshi. A daka, a yi ma yara hura."