Kunyar da Auta Ya Ba Ni a Makokinka, Mai Tikiti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, direban da ke hawo mana da kaya ya tsaya a ƙofar gida ko mota bai kashe ba, ya ce, "Inna, Mai Tikiti ya rasu." Ina tsaka da shanya zannuwan gado. Sai da na gama shanyar, don baƙi na jira, sannan na nemi wuri na zauna. An ce zuciya ce ta tsaya, kana kan kujerarka a ofis. Kai da ka ƙare rayuwarka kana roƙon mutane su guji cunkoso, sai ga shi ka tafi a tsakiyar zafi, lokacin da kowa ke turereniyar gudu daga birni.

Ni ba mai kuka ba ce. Ko da maigidana ya rasu ban yi na a zo a gani ba. Kunya ce ta sa na ɗauki biro, kuma zan zo kanta. Amma bari in fara faɗin wanda aka rasa.

Maigidana ya mutu ya bar min gidan saukar baƙi mai ɗaki shida a kan dutse. Da zafi ɗakunan su cika, da damina sai ni da kaji. A irin wannan daminar ka fara zuwa, jiƙe sharkaf, takalmi a hannu. Na ɗauka ɓatan hanya ka yi. Ka ce kana da ofishin shirya wa mutane tafiya, kana so ka riƙa turo min baƙi.

Na ce, "Su zo su ga me? Ba kasuwa, ba kiɗa, waya ma sai an hau kusa da tankin ruwa take kamawa."

Ka ce, "Shi na zo nema, Inna. Shiru. A ƙasa ya yi wuya."

Na ce a raina, wannan iyayensa sun yi asarar sa shi a makaranta.

Ashe ni ce ban san kasuwa ba. Kana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin 'yan sana'arku ba: ba ka sayar da gadon da ba ka kwanta a kansa ba. Duk damina sai ka hawo, ka bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya kana kwana. Da safe ka fito da ƙorafi kamar suruka. Gadon ɗaki na biyu yana ƙara. Ɗakin ƙarshe yana yoyo daidai kan matashi. Zakaran maƙwabci ba shi da tarbiyya. Abin da zai gyaru mu gyara, wanda ba zai gyaru ba ka gaya wa baƙo tun yana ofis, har da ramukan hanya da sanyin asuba. Na sha ce maka, "Kai ɗan nan, tallar gidana kake yi ko ɓata shi?" Sai ka yi dariya ka ce wanda ya ji duk wannan ya zo, shi ne zai dawo.

Ba ka tambayar mutum inda yake son zuwa, abin da ya gaji da shi kake tambaya. Mai son hayaniya ka tura shi bakin teku, ba ka jin haushi. Da zafi, in gadajena sun cika, ko wa ya zo sai ka ce ya yi haƙuri, ka lallashe shi ya jira ruwa ya sauka. Haka ka riƙa aiko min tsofaffin ma'aikata da masu tashi daga jinya a watannin da sauran gidaje ke sa kwaɗo. Tun daga lokacin murhuna bai ƙara yin sanyi da damina ba.

Ina tuna matar da ɗanta ya mutu. Ka kira ni ka ce, "Inna, kar ki tambaye ta komai. Ki ba ta bargo biyu, ki ƙyale ta." Na ƙyale ta. Ranar da za ta tafi ta tsaya ta taya ni wanke-wanke, har tana min tsiya kan yadda nake murza tukunya.

Sai Auta, ɗana na ƙarshe. Yana yawon banza ka ɗauke shi, ka zaunar da shi kusa da teburinka, ka koya masa aiki. Da ya yi aure kai ka tsaya masa kamar uba. To ga abin da ya saka maka da shi.

Mun sauko gaisuwa. Abokan sana'arka ba wanda ya rufe ofis, ɗaiɗai suke leƙowa, su shafa addu'a su fice suna duba agogo. Wannan tsakaninsu da Allah. Amma Auta nawa ne. Muna zaune a tsakar gidanka wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka a gaban mutane, yana cewa, "E, akwai wuri, ku yi sauri kafin a cinye." Na harare shi, bai gani ba. Bai tsaya nan ba. Ya matso gaban matarka, idonta a kumbure, ya durƙusa kamar mai ladabi ya ce, "Anti, ko za a ba ni wayar oga? Lambobin mutane na ciki, kar kasuwa ta wuce."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko ta miƙa masa. Da ƙasa za ta tsage da na shige. An ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Ni ba wanda ya jefe ni, kallona kawai aka yi, kuma da jifan aka yi da ya fi min sauƙi.

Ƙarshen makon sai ga doguwar mota a ƙofata, da lasifika, mutane sun ninka gadaje. Auta ya bi lambobinka yana kira, har da waɗanda ka saba turawa bakin teku. Wani tsohon malami da ka aiko ya huta bayan an yi masa aiki ya haɗa jakarsa. A bakin ƙofa ya ce min, "Inna, ko ba a faɗa ba, an san mutumin nan ya mutu."

Na samu Auta a bayan ɗakin girki na ce, "Miƙo wayar."

Ya ce, "Haba Inna, zafin nan ba zai jira mu ba."

Na ce, "Kai ma ai ba ka jira an naɗe tabarmar makoki ba. Miƙo, kafin in tuna maka ko wa ya goya ka."

Washegari na bi direban kaya na sauka, da gwiwoyin nan da ka sani. Na ajiye wayar a gaban matarka, na ce ta yafe mana, ni na haife shi. Ta daɗe tana juya ta a hannu, sannan ta ce, "Inna, dama shi ya ce in ta Allah ta kasance a ba Auta. Haƙurin 'yan kwanaki ne kawai ya gagare shi."

Wannan maganar ta fi ta ranar makoki zafi. Ashe ka yarda da shi fiye da yadda ya cancanta.

Ta so ta mayar min, na ƙi karɓa. Na ce ta riƙe har ruwa ya sauka. In damina ta kankama, Auta zai hawo ya kwana a ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙarshe, wanda ya sake yoyo kuma na hana a taɓa shi. In ya fito ya gaya min abin da ya ji a kowanne, sai ya je ya roƙe ta wayar. In bai iya ba, ba zai ƙara sayar da gado ko ɗaya a gidana ba, ko da zan koma ni da kaji.

Allah ya jiƙanka, Mai Tikiti. Ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka irin hutun da ka yi ta nema wa mutane. Allah ya ba matarka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka haƙuri, ya raya abin da ka bari. Mu kuma ya sa mu cika da imani. Auta kuwa, Allah ya shirye shi tun ina da ran gani. Amin.