Tukunyar Bagaruwa

Ciwon ya fara mini ne bayan haihuwata ta biyu, lokacin da aka dawo da maigidana aiki Dutse, garin yana sabuwar hedikwatar jiha. Ruwa ne fari-fari ke fito mini ta gaba, mai ƙarni kamar na kifi. Ba zafi, ba ƙaiƙayi sosai, sai dai warin da ke riga ni shiga ɗaki. A Islamiyyar matan aure, wadda ke kusa da ni takan gyara zama, ta ce wai ƙafarta ce ta yi tsami.

Yayar maigidana, wadda muke kira Yaya Babba, ita ta karɓi maganar. Ta zo daga Taura da ƙullin bagaruwa da kanumfari da miski. Ta ce sanyi ne, kuma sanyi ba ya kama mace mai gyara. Ta koya mini in tafasa, in zauna a ciki, in wanke har can ciki da yatsa, sannan in tsuguna a kan kaskon turare. Na yi. Warin yakan ɗauke kwana kaɗan, ya dawo ya fi na da. Duk dawowarsa sai ta ce ban dage ba, ta ƙara mini sabulu mai ƙamshi.

Tun ina yarinya mahaifina ya karantar da ni babin tsarki, yana fassara mini da ajami a gefen shafi, cewa abin da ya bayyana kaɗai ake wankewa. Na faɗa wa Yaya Babba. Ta yi dariya ta ce, "Amarya, wancan na salla ne. Wannan na miji ne."

Maigidan bai taɓa zagina ba. Ya dai ƙaura da shimfiɗarsa zaure, wai zafi. Da aka shiga shekarun shari'a, bakin kowa ya cika da zancen zina da bulala, sai wani abokinsa ya gaya masa irin wannan ciwo daga waje ake kwaso shi. Wata safiya, yana ɗaure agogo, bai dube ni ba, ya ce, "Ki je gida ki yi magani." Saƙon sakin ya same ni a Jahun, a ɗakin mahaifiyata.

Mahaifiyar tawa ce ta kai ni babban asibiti. Likitar da ta duba ni ta tambayi da me nake wanki. Na lissafa mata. Ta ce Allah ya halicci wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsaron wurin, wanke ciki da hayaƙi da sabulu su ke kashe su, masu kawo warin su samu fili. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma shaidar alfasha ba ce. Ta rubuta mini ƙwayoyi farare masu ɗaci, ta ce in shanye su duka ko da warin ya ɗauke, in yi tsarki da ruwa zalla daga waje, in sa kamfai na auduga. Ta ce yana iya dawowa, in ya dawo asibiti zan zo, ba wurin mai kayan mata ba. Ya dawo kuwa, na koma, aka sake ba ni magani. Daga nan Allah ya yaye mini.

Na aika wa maigidan bayanin likita ta bakin ƙanina. Ya ce ya ji, Allah ya ƙara lafiya. Idda ta cika bai zo ba.

Ɗiyata a hannun Yaya Babba ta girma. Da za a kai ta ɗakin miji aka gayyace ni kamar baƙuwa. Na shiga na tarar da tukunya a kan murhu, bagaruwa na tafasa, kaskon turare a gefe. Na sauke tukunyar, na juye a makwarara. Yaya Babba, da ta tsufa har tana dogara sanda, ta dubi ɗiyata ta ce, "Kin gani ko? Ƙin gyara, abin da ya fitar da ita daga gidan ubanki ke nan."

Ɗiyata ta sunkuyar da kai. Ina fita na ji an sake ɗora ruwa.