Ƙafar Yaya da Motar Taki

A shekarun da tsadar hatsi ta sa muka koma cin tuwo sau ɗaya a yini, motar gwamnati ta taka ƙafar yayana. Babbar mota ce ta wata ma'aikata, ta kawo takin zamani garinmu, can gefen Ɗambatta, a farkon damina. Jama'a suka yi mata caa, direba ya yi baya bai duba ba, Yaya kuwa yana tsugune yana ɗaure bakin buhu. Ina aji a firamaren da nake koyarwa aka zo aka kira ni.

Kafin in iso an ɗora shi a amalanke an kai shi wurin mai ɗori. Ba wanda ya yi tunanin asibiti ko ofishin 'yan sanda, har ni mai taƙama da boko. Karaya ai ta mai ɗori ce, haka muka tashi muka gani. Tsohon ya ja ƙafar, ya tofa, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya ce kwana arba'in zai taka.

Bayan kwana uku direban ya zo dubiya da ƙullin goro, mai unguwa ya rako shi. Direban ya durƙusa. Yaya ya ce, "Tashi, Malam. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yafe." Aka yi ta sa masa albarka. Na ji haushi, amma na haɗiye, don ƙane ba ya katse wansa a gaban mutane.

Arba'in ta wuce bai taka ba. Ƙafar ta kumbura ta fara ruwa. A asibiti aka ce ƙashin ya dagargaje, sai an yi aiki a Kano, in ba haka ba yanke ta za a yi. Aikin kuwa ko gonarsa aka sayar ba za ta biya ba. Wani malami abokin aikina ya ce ai ana kai gwamnati ƙara, in motarta ta ji wa mutum ciwo ita ke yin magani. Na kawo wa Yaya maganar. Ya ce direba ya yafe wa, ba gwamnati ba, in je, amma sai an kawar da amfanin gona. Ban musa ba. Gonarsa da tawa duk suna wuyana, kuma ba mai barin gero a tsaye ya tafi birni bin takarda.

Sai da aka kai damin ƙarshe rumbu na hau mota zuwa Kano. Lauyan da aka kwatanta mini ya saurare ni yana jujjuya biro.

"Ina takardar 'yan sanda?"

Na ce babu.

"Ta likita, ta ranar da abin ya faru?"

Na ce wurin mai ɗori aka kai shi.

"Yaushe ne?"

Da na gaya masa, sai ya ajiye biron. "Malam, wata uku doka ta bayar a kai ma'aikacin gwamnati ƙara. Kun zo a na biyar. Ga shi kuma ya yafe a gaban shaidu. Da me zan shiga kotu?"

Na fito ina zagin dokar, ina zagin geron, daga baya na koma zagin kaina, don ni kaɗai ne a gidanmu na iya karatu.

Da Yaya ya tambaye ni, na ce an karɓi magana, an ce a dawo. Haka na riƙa yi duk Litinin. In shirya kamar zan tafi Kano, in tsaya a Ɗambatta, in zauna a tasha har la'asar, in dawo in ce takarda na kan teburin babba. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, na sani, amma na kasa kallon idonsa in faɗi gaskiya.

Wata Litinin da hantsi na leƙa in yi masa sallama, ya ce in shigo in saki labule.

"Daina wahalar da kanka," ya ce. "Tun ranar farko na gani a fuskarka. Ka nemo mota a kai ni su yanke ta."

Na ce mu ƙara haƙuri, ko Allah zai kawo wata hanya.

Ya girgiza kai. "Ba ciwon ne ya ishe ni ba. Warin ne. Kwana tara ke nan 'yar autata ba ta shigo ɗakin nan ba, daga bakin ƙofa take gaishe ni."