Layin da Ke Jiran Thangavel

Ba kowa ya lura ba, amma a tsakiyar jerin umarnin da Elango ya rubuta wa kwamfuta akwai layi guda da ba ya tsinana komai. Tsayawa kawai yake yi ya tambaya: "A ci gaba?" Kuma aiki ba ya motsi sai Thangavel ya danna e.

Elango ɗan masaƙi ne daga wani ƙauye kusa da Salem. Da ya gama jami'a ya sami aiki a Chennai, a wani kamfani mai kula da rumbunan bayanan 'yan kasuwa. A can ya tarar da Thangavel, dattijo mai furfura a kunne. A lokacin, da hannu ake komai: a kwafe bayanan jiya, a share tsofaffin kwafi, a buɗe wa sababbi wuri. Thangavel ya koya masa duka, har shinkafa da kindirmon da matarsa ke zubo masa tare suke ci. Elango na ce masa Anna, wato yaya, shi kuma ya ce masa tambi, ƙane.

Da idon dattijon ya fara rauni, Elango ya rubuta umarnin don ya rage masa wahala. Ranar gwaji, aikin wuni guda ya ƙare kafin shayi ya huce. Thangavel ya yi tafi, sannan ya zauna yana kallon hannuwansa. Elango ya gane ya raba dattijon da aikinsa. Washegari ya cusa layin nan, bai gaya wa kowa ba.

"Tambi, wannan ɗan naka akwai ladabi," in ji Thangavel. "Ba ya wuce ni sai ya gaishe ni."

"Tarbiyyarka ce, Anna."

Haka aka yi ta tafiya har bikin Ayudha Puja, ranar da ake hutar da kayan aiki. Aka goge na'urori, aka ɗiga musu kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi, aka rataya furanni. Thangavel kuwa tun yana saurayi bai taɓa danna madanni a wannan rana ba. Elango ya san haka sarai, amma ya sha'afa, yana ƙauye yana taya mahaifiyarsa yi wa masaƙar babansa ado. Layi ya yi ta jira. Rumbu ya cika, wani babban kantin tufafi ya kasa adana cinikinsa ana tsakar kasuwar biki.

Da aka dawo aiki, manaja Revathi ta kira su biyu.

"Elango, wannan layin me yake karewa?"

"Ba komai, madam."

"To me Thangavel ke yi mana a nan?"

Dattijon ne ya amsa: "Danna e nake yi, madam. Kuma na ƙware, ban da jiya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a cire layin yau, Thangavel kuma aikinsa ya ƙare ƙarshen wata.

A kan matakala Elango ya tare shi. "Anna, ni na ja maka. Da ban rubuta abin nan ba..."

"Kai, tafi can! Wa ya koya maka karanta umarni? Kana zaton ban ga layinka ba? Na gani, na yi gum. 'Yata ba ta gama makaranta ba."

"Da na tuna da ranar bikin..."

"Da-na-sani ƙeya ce. Je ka cire shi kafin ita ta cire ka."

Ya koma ya goge layin. Umarnin ya bi ta kan wurin a guje, bai gaishe da kowa ba. Elango ya daɗe bai ɗago kai ba, don teburin dattijon na daura da nasa.

Da la'asar ya sauka wurin mai shayi ya karɓo kofi biyu. Ya yi ta fifita ɗaya har ya huce yadda Anna ke so, ya kai masa.