Littafin Kaka da Mai Ƙosai

Ɗazu na buɗe tsohuwar akwati ina neman mayafi, sai warin takardar da ta sha laima ya buge ni. Duk wanda ya zauna Jidda ya san warin nan, don laimar teku ba ta barin komai, daga bango har littafi. Na zauna a bakin gado na manta da mayafin, ina tuna kakana.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, cikin gidan katako da kwano, zamanin da ruwan sha sai mai garwa ya kawo shi a kafaɗa. Kaka ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa tun yana saurayi, ya ratso Sudan, ya yi aikin hajji bai koma ba. Ni da na yi wayo tsoho na tarar, mai gudun duniya, daga ɗakinsa sai masallaci. Yana da wata ɗabi'a da take ba mu kunya mu jikoki. In yana tafiya ya ga takarda a ƙasa sai ya sunkuya ya duba. In da sunan Allah a jiki ya hure ƙurar, ya ninke, ya sa aljihu. To, jaridar Larabci ina za ka same ta babu sunan Allah? Tafiyar da za mu yi kafin shayi ya huce, Kaka sai ya ɓata hantsi a kanta. In takardun sun taru ya ƙona su a kasko, a kai tokar teku.

Aikin da ya ba rayuwarsa shi ne bayanin ƙananan surorin da ake salla da su, da Hausa, cikin ajami. Yakan ce mutane da yawa suna tsayawa gaban Ubangijinsu sau biyar a yini ba su san me suke gaya masa ba. Wani alhaji da ya sauka gidanmu ya ga rubutun, ya kai labari ga wani mai gyaran littattafai a wata maɗaba'a a Kano. Daga nan wasiƙa ta haɗa su. Ba su taɓa ganin juna ba, mu kuwa a gida "mutumin Kano" muke ce masa, kamar shi kaɗai ne a garin.

Sau ɗaya a shekara wasiƙarsa take zuwa, a jakar alhazai. In muka fara jin kukan jiragen ruwa ya yawaita, gida ya cika da baƙi, ƙamshin daddawa da man shanu na tsaraba ya kama ko'ina, mu yara aka mai da mu kwana tsakar gida, to, Kaka ba ya zaune ba ya tsaye sai an miƙa masa ita. Mutumin Kano ba ya ɓoye-ɓoye. Zai ce bayanin sura kaza ya yi tsawo, talaka yana da gona. Misali kaza na malamai ne, a kawo na kasuwa. Kaka ya yi ta ƙunƙuni kwana da kwanaki, sannan ka ga ya feƙe alƙalami ya gyara yadda aka ce. Yana son mutumin nan, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Abu ɗaya ne suka kasa shiryawa a kai. Mutumin Kano yana so a buga littafin ɗan ƙarami, mai araha, a baza a kasuwa kowa ya saya. Kaka kuwa ya ce sam bai yarda ba.

"Yau a saya, gobe a yage a ƙulle ƙosai da shi," in ji shi. "Ni da nake tsince maganar Allah daga ƙasa, ni zan zuba ta?"

Da shekara ta zagayo mutumin Kano ya ce to a cire ayoyin, a bar Hausar kaɗai. Kaka ya amsa masa da cewa ba a kai wa baƙo miya babu tuwo. Haka suka yi ta yi, hajji na zuwa yana wucewa, idon Kaka kuwa yana ta yin hazo. Kowa a gidan ya san in idon nan ya rufe, rubutun a akwati zai mutu.

Kakata, da muke kira Sitti, ita ta raba gardamar. Gasasshiyar gyaɗa take sayarwa a ƙofar gida, kuma ta sha wahalar Kaka, don duk takardar da za ta ƙulle gyaɗa sai ya fara dubawa. Wata rana ta fito da rubutun don ya sha iska, ta tarar ƙwari sun huda shi, laima ta manne wasu shafuka. Ta ajiye a cinyarsa, ta kama hannunsa ta ɗora.

"Malam, shafa ka ji. Kana tsoron mai ƙosai, ga ƙwari sun riga ta. Can ko ba komai wani zai karanta kafin a yaga. Waɗannan wa ya koya musu baƙi?"

Ya daɗe yana bin ramukan da yatsa. Can ya ce, "Halas, shi ke nan." Ya sake rubuta shafukan da suka ɓaci da ɗan sauran ganinsa, takarda kusan a kan hancinsa, alhazan shekarar suka tafi da shi. Sharaɗinsa kada a sa sunansa, kuma a shafin farko a roƙi mai karatu don Allah kada ya bar shi a ƙasa.

Lokacin da bugaggen ya iso Kaka ya riga ya daina gani. Ya shafa, ya sansana, ya ba ni. "Amaryata, ajiye min," haka yake tsokanata. Amma bai yi farin ciki ba. Duk alhajin da ya zo gaishe shi sai ya tambaya, a kaikaice, ko ana ganin takardu masu ayoyi a kwatocin Kano.

Bayan wasu shekaru wata tsohuwa ta sauka gidanmu cikin alhazai. Da la'asar muna tsakar gida ta kwance wani ƙullin ɗankwali, ta fito da ɗan littafi da ya ji jiki, bango ya tafi, an ɗinke bayansa da zare. Ta ce ko akwai mai karanta mata, ta saba jikanta yana yi mata kullum. Babana ya karɓa, bai yi layi biyu ba Kaka ya miƙo hannu. Ya shafa shafukan, sun yi laushi kamar tsumma. Ya kai hanci.

"Hajiya, man gyaɗa nake ji."

"Ai ƙosai nake soyawa, Malam," ta ce, da 'yar kunya. "Ina wanke hannu, amma man nan ba ya fita. Tun ina budurwa nake salla, sai da na tsufa na san abin da nake faɗa. Ban san wanda ya rubuta ba, amma kullum yana cikin addu'ata."

Sitti ta buɗe baki, Kaka ya ɗaga mata hannu. Ya mai da wa matar littafinta da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ranar na fara ganin kukansa, kuma ni ma sai na kama kuka ban san dalili ba. Wasiƙar shekarar, wadda ya yi wa babana shifta, ita ce mafi gajarta da ya taɓa aika wa mutumin Kano. Bayan gaisuwa cewa kawai ya yi: littafi ya kai hannun mai ƙosai, alhamdu lillahi.

Yanzu gidan katakon nan babu shi, wasiƙa kuma ba ta jiran alhazai. Jikokina suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa min, ajami kuwa ko kusa. Littafin da Kaka ya ba ni ajiya yana nan a ƙasan akwatin, bai taɓa taɓa ƙasa ba, babu tabo ko ɗaya a jikinsa, kuma wallahi tsabtar nan tasa ita take damuna. Na fito da shi na ɗora a kan teburin cin abinci. In ƙaramar jikata ta dawo daga makaranta zan zaunar da ita in karanta mata, ko da hannunta da maiƙo.