Ranar da Aka Tambayi Ɗana ko Wace ce Ni

Kafin wannan rana ban taɓa riƙe hannun ɗana na fari a gaban mutane ba. Baƙo zai ce rashin imani ne, amma mu a Kabo kunya muke ce wa wannan, da ita ake auna tarbiyyar mace. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, in ya faɗi a gabanki sai ki kau da kai wani ya ɗaga shi. Nawa kuwa abin ya haɗe masa biyu, domin sunan mahaifin mijina aka sa masa. Ana yaye shi surukata ta goya abinta ta tafi da shi Gude, can ya tashi. Ita yake kira Inna, ita kuma ta ce masa Maigida, duk garin suka ɗauka. Ni in na je gaisuwa Yaya yake ce mini, in amsa, kowa ya yaba hankalina.

Mijina ma'aikacin asibiti ne. Da albashi ya daina kai mutum tsakiyar wata, ya samu aiki a wata ƙasar Larabawa ya tafi, ya bar ni da ciki. Na haifi mace, ta fara zama, sai ya aiko mu taho har da yaron, a sa shi makaranta a can. Shi ba zai iya zuwa ɗaukarmu ba. Lokacin ne ake ta zancen Shari'a, kowa ya zama malami, har mai shayin bakin tasha yana da fatawa a kan macen da za ta hau jirgi ba muharrami. Aka kai maganar gaban wani malami a Gwarzo, ya ce lalura ce, tunda yayana zai raka ni filin jirgi, miji kuma ya tare ni, in tafi. Duk wannan ka-ce-na-ce, ba wanda ya tambayi yadda zan yi da yaro ɗan shekara biyar da bai sake kwana ɗakina ba tun yaye.

Ranar tafiya Inna ta kawo shi da sabuwar riga da ƙullin aya. Ta ce masa, "Bi Yayarka ka gano jirgi ka dawo." Na ji ƙaryar, amma ai ba a gyara wa suruka magana.

Jirgi na tashi jaririyar ta fara tsala kuka, na ba ta nono ta ƙi. Shi kuwa ya manne fuska a taga, da farko abin ya burge shi. Da aka kawo abinci ya shinshina ya ture. Can ya ce fitsari. Na kai shi banɗakin nan da mutum ɗaya ma da ƙyar yake juyawa, yarinya a kafaɗa, na kai hannu zan kwance masa wando, ya buge hannuna ya ce Inna ce take yi masa. Muna komawa ya fara tambayar yaushe za a juya, wai ya gama ganin jirgin.

Sai mun sauka a wata ƙasa mun canja jirgi kafin mu isa. Filin ya fi kasuwar Gwarzo ranar cinta, ga shi ba fuska ɗaya da na sani. Na goya yarinyar, na rungumi jaka, na yi gaba yana bina a baya yadda muka saba, ina waiwaye ina cewa, "Kai, taho mana." Muka iso matakalar nan mai tafiya da kanta. Yaro ya ga ƙasa tana motsi, ya zauna daɓas ya fasa ihu a mai da shi wajen Innarsa. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin fushi, ga tsoron kada jirgi ya tafi ya bar mu. Na damƙi wuyan rigarsa na ja shi.

Ashe wata ma'aikaciya mai kaki tana kallonmu tun daga nesa. Ta tare ni, ta karɓi fasfo, ta nuna mana wani ɗaki. Na koyar a firamare, ina jin Turanci daidai gwargwado, don haka na gane inda ta dosa. A shekarun nan an yi ta kama mata da yaran mutane a hanyar ƙasashen Larabawa. Ta tambaye ni ko yaron nan ɗana ne. Na ce nawa ne. Ta rufe fasfon da tafin hannu ta ce in faɗi sunansa.

Wallahi na san sunan kamar yadda na san nawa. Amma bakina bai taɓa furta shi ba, sai na sunkuyar da kai kamar surukina na tsaye a ɗakin. Kafin in tattaro shi in faɗa, ta riga ta kalli wani abokin aikinta da ke ɗakin.

Suka nemo wata Hajiya cikin fasinjojinmu, 'yar kasuwa mai jin Larabci, ta yi musu tafinta da yaron. Ta tsuguna ta ce, "Ɗan samari, wace ce wannan?"

Ya ce, "Yaya ce."

"Ina mamarka?"

"Inna tana Gude. Cewa aka yi in ga jirgi in koma."

Hajiya ta dube ni, na dube ta. Ta gane komai, ita ma uwa ce. Ta yi ta zuba musu bayani, ana kunyar ɗan fari, kaka ke riƙo. Ma'aikaciyar ta saurara, amma ina za ta fahimci uwa mai kunyar ɗanta? Ta ce za ta shiga da shi wani ɗaki ita da Hajiya, a tambaye shi ba a gabana ba. Ta miƙa masa hannu. Ya kama, ya bi ta, ko waiwaye bai yi ba.

Nan na tsorata irin tsoron da ban taɓa ji ba. Na ga an raba ni da shi a ƙasar da ban san kowa ba, na ga kaina ina sauka gaban ubansa da ɗa ɗaya. Na buɗe baki na ƙwala masa kira da sunansa na yanka, har mutanen waje suka leƙo. Bai juyo ba. Ta ina zai juyo? Ba wanda ya taɓa kiransa da shi.

Ihun nawa ne ya firgita jaririyar ta callara kuka. Shi ne yaron ya tsaya a bakin ƙofa, ya zare hannunsa, ya dawo ya zagaya bayana yana jijjiga ƙafarta yana cewa, "Yi shiru, yi shiru." Hajiya ta yi wuf ta ce, "Ita kuma wannan wace ce?" Ya ce ƙanwarsa ce, Inna ta ce ya kula da ita. Ta ce wa ya haife ta? Ya nuna ni. Ta ce babanku ɗaya? Ya ce eh, wajensa ma aka ce Yaya za ta. Ma'aikaciyar ta sa aka maimaita mata, ta daɗe tana duban hoton fasfo tana duban mu uku. Sannan ta miƙo mini fasfon, ta ce in riƙe hannun ɗana, wurin nan yara na ɓata. Hajiya ta turo shi wajena ta ce masa, "Kama hannunta, ai ita ta haife ka."

Na riƙe. Hannun ɗan ƙarami, duk gumi, da kaushin wasan ƙasa. Haka muka yi gudu har ƙofar jirgi, mu ne na ƙarshen shiga.

Da muka lula sama yarinyar ta yi barci, shi kuma yana wasa da igiyar kujera. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yaya, matar nan ta ce wai ke kika haife ni."

Da a gida ne cewa zan yi tafi can da surutunka. Na duba hagu da dama, babu ɗan Kabo ko ɗaya. Na ce, "Ni ce."

Ya saki igiyar kujerar. Sannan ya leƙa fuskar ƙanwarsa a cinyata ya ce, "To ita ma in ta girma za ki bayar da ita?"

Na ce a'a. Ya ce, "Ni me na yi?"